Tsaga Katako da Zarto Mai Inji: Kayan da Sabon Shiga Zai Tanada

A ƙasashen Amurka ta Arewa da Turai da Ostareliya akwai mutane da dama waɗanda yankan katako ba sana'arsu ba ce, amma idan ranar hutu ta zo sai su ɗauki zarto mai inji su nufi inda guguwa ta kayar da itace, ko inda hukumar gari ta sare wata tsohuwar bishiya, su tsaga gungumen su fitar da falankai. Wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani kuma ya yi ritaya. Da wannan katako suke ƙera tebur da benci da ƙyauren ƙofa, wasu har ɗakin hutawa sukan gina a daji. Itacen da da a murhu zai ƙare, ko ya ruɓe a inda ya faɗi, sai ga shi ya zama kayan da jikoki za su gada.

Sai dai aikin yana da tsada, kuma yana da haɗari. Sabon shiga da ya yi kuskuren zaɓen kaya yakan ƙone injin da ya kashe wa kuɗi masu yawa cikin 'yan makonni, ko ya lalata gungumen da ya shekara ɗari yana girma, ko kuwa ya jawo wa kansa kurumta. Yawancin wannan hasara daga rashin sanin abu guda take tasowa, wato tsaga itace bisa tsawonsa aiki ne dabam da datse shi a gicciye, ko da yake da inji iri ɗaya ake yin su. Wanda ya fahimci wannan bambanci, zaɓen kaya zai zo masa da sauƙi.

Asalin na'urar

Zarto mai inji ƙaramin injin fetur ne da ke jan wata sarƙa mai haƙora, ita kuma tana zagaya wani dogon farantin ƙarfe. Jamusawa da mutanen Suwidin takobi suke kiran wannan faranti, kuma sunan ya dace da siffarsa. Bajamushen nan Andreas Stihl ya fitar da nasa mai amfani da fetur a shekarar 1929, nauyinsa kilo 46, sai mutum biyu suke iya aiki da shi. A shekarar 1947 wani ma'aikacin daji a jihar Oregon ta Amurka, mai suna Joseph Cox, ya ƙirƙiro haƙori mai lanƙwasa bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro take cin itace. Siffar haƙorin da ya fitar ita ce tushen sarƙoƙin da ake amfani da su har yau.

An ƙera wannan inji ne domin sare bishiya da datsa gungume. Mayar da shi injin fitar da falanki kuwa ya yaɗu ne tun daga shekarun 1960, lokacin da kamfanin Granberg na Kalifoniya ya shiga sayar da wani firam mai suna Alaskan. A shekarar 1982 Will Malloff ya wallafa littafinsa mai suna Chainsaw Lumbermaking, wanda masu sha'awar aikin suke komawa gare shi har yanzu. A 1989 kuma aka kafa kamfanin Logosol a Suwidin, wanda ya zo da wani tsari na dabam.

Abin da ke faruwa a bakin haƙori

Idan aka duba itace da madubin ƙara girma, za a tarar da shi tamkar damin kara ne, wato dogayen zaruruwa jere bisa tsawon bishiyar, manne da juna. Kowane zare yana da ƙarfi ƙwarai, amma abin da ya manne shi da ɗan'uwansa bai kai shi ƙarfi ba. Wannan ne dalilin da ya sa faskare yake da sauƙi idan gatari ya bi tsakanin zaruruwan.

A lokacin datsa, gefen haƙori yana yanke zaruruwan a ɓangarori biyu na tsagar, saman haƙorin kuma ya ɗago guntayen ya watsar. Shi ya sa ake ganin ɓarɓashi manya-manya suna fita. A lokacin tsagawa kuwa, takobin yana shiga ne ta goshin gungume, saboda haka kowane haƙori sai ya aske kan zaruruwan kaɗan-kaɗan, tun daga wannan ƙarshe har zuwa wancan. Ta wannan fuska ce itace ya fi taurin yanka, abin da ke fita kuma gari ne mai laushi. Gungumen da za a datse cikin ƙasa da minti ɗaya, fitar da falanki guda daga jikinsa yakan ɗauki minti goma ko fiye, inji na kuka da iyakar ƙarfinsa babu hutawa. Ƙarfin injin da za a saya, da irin sarƙa, da yawan mai, da kayan kare jiki, duk daga nan suka samo dalilinsu.

Gungume ne ke zaɓar inji

Kafin mutum ya je kanti, ya kamata ya fara auna kaurin itatuwan da yake sa ran samu, ya kuma san ko masu tauri ne ko masu laushi. Ana auna girman injin ne da faɗin cikin silindarsa, da ma'aunin da makanikai ke kira si-si. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce, gungumen itace mai laushi da kaurinsa bai wuce santimita 45 ba, inji mai si-si 50 zuwa 60 zai iya da shi, amma a hankali. Daga nan zuwa santimita 75 ana bukatar si-si 70 ko fiye. Abin da ya haura haka, ko kuma itace mai tauri sosai, sai inji mai si-si 90 zuwa sama. Misalan irin waɗannan manya su ne Stihl MS 661 mai si-si 91, da Husqvarna 395 XP mai si-si 94, sai kuma ƙattin cikinsu, wato Husqvarna 3120 XP mai si-si 119 da Stihl MS 881 mai si-si 122.

Ƙaramin injin da aka yi domin gyaran lambu ba a ƙera shi don ya jure dogon aiki da cikakkiyar wuta ba. Iska ce kaɗai ke sanyaya shi, fistin ɗinsa kuma na alminiyom ne, wanda yake kumbura da zafi fiye da kima har ya kankare bangon silinda ya maƙale. Araha ba ta ado. Tsohon babban inji mai lafiya ya fi sabon ƙarami amfani a wannan aiki, muddin an duba ƙarfin matsin silindarsa, kuma an tabbata ana samun kayan gyaransa a kusa. Haka nan a yi hattara da jabu, domin sanannun injuna irin su Stihl 070 an cika kasuwanni da kwaikwayonsu.

Firam da takobi

Firam shi ne abin da ke riƙe takobi a tsayi ɗaya domin kaurin falanki ya daidaita. Iri uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne samfurin Alaskan, wanda yake damƙe takobi a gindi da kuma kusa da baki, sannan ya zame a kan shimfiɗaɗɗen saman gungume. Shi ya fi dacewa da manyan itatuwa, domin a inda gungume yake kwance ake kai masa shi. Na biyu ƙarami ne da ke riƙe takobi ta gefe ɗaya, yana bin wani miƙaƙƙen katako da aka kafe a kan gungume, takobin na kallon ƙasa. Da shi ake gyara gefen falanki da fitar da ginshiƙi mai kusurwa huɗu. Na uku shi ne samfurin Logosol, mai kama da doguwar gada, inda ake ɗaga gungume a kan ƙafafu, injin kuma ya bi layin dogo na alminiyom. Mai aiki da shi a tsaye yake, ba ya durƙuso, kuma falankansa sun fi daidaita, sai dai ya fi tsada, kuma gungumen da ya cika nauyi ba ya hawa kansa.

Abin lura game da takobi shi ne, ba dukan tsawonsa ne ke yanka ba. Maɗauran firam suna cinye santimita 10 zuwa 15. Ke nan takobi mai inci 36, wato kimanin santimita 90, falankin da zai fitar ba zai wuce faɗin santimita 75 ba ko abin da ya yi kusa da haka. Amma kuma kuskure ne a ɗora wa matsakaicin inji dogon takobi, domin duk haƙorin da ya shiga cikin itace ƙarin kaya ne a kansa. Kada kuma a ɗaure maɗaurin a kan bakin takobi inda ƙaramar ƙafar da sarƙa ke juyawa a kanta take, domin matsin zai hana ta juyawa ya lalata ta.

Sarƙa da magagari

Sarƙar datsa ana wasa saman haƙoranta ne a karkace, digiri 25 zuwa 35. Wannan karkata tana jan haƙori zuwa gefe, sai tsagar ta yi faɗi, fuskar katako kuma ta yi kaushi. Sarƙar tsagawa kuwa digiri 10 ake ba ta, wani lokaci ma ƙasa da haka, domin ta tafi a miƙe ta bar fuska mai santsi. Ana sayar da ita haka, ana kuma iya mayar da ta datsa zuwa gare ta da magagari sannu a hankali. Ga dogon takobi akwai sarƙa mai giɓi, wadda aka rage yawan haƙoranta domin gari ya sami hanyar fita, inji kuma ya sami sauƙi.

Ma'auni biyu ne dole su dace tsakanin sarƙa da takobi da ƙafar da ke jan sarƙar a cikin inji. Na farko shi ne tazarar gaɓoɓin sarƙa, wadda a manyan injuna takan zama inci 3/8 ko inci 0.404. Na biyu shi ne kaurin ƙafafun sarƙar da ke gudu cikin kwarmin takobi, wato milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6. Ana rubuta waɗannan lambobi a gindin takobi.

Babu abin da ke wahalar da inji kamar dakusasshiyar sarƙa. Saboda haka magagari zagayayye mai milimita 5.2 ko 5.5, tare da marikinsa mai nuna kusurwa, yana cikin kayan farko da za a saya. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizonsa, wanda aka saba barinsa ƙasa da haƙorin da kimanin milimita 0.65, shi ma yana bukatar magagari mai faɗi da ma'auninsa. Idan haƙoran ɓangare ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, takobi zai riƙa nitsewa ko hawa, falanki ya fito da tudu da kwari. Gwanaye sukan wasa sarƙa bayan kowane falanki biyu ko uku a itace mai tauri, kuma ba sa fita da ƙasa da sarƙa uku.

Fetur da mai

Irin wannan inji ba shi da tankin baƙin mai. Man da aka gauraya da fetur shi ne ke shafe fistin. Manyan kamfanoni sun ƙayyade kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5, idan man nasu ne mai kyau. Masu tsaga katako da yawa sukan ƙara shi zuwa 1 cikin 40 saboda tsananin aikin. Haka kuma sukan sa makanike ya saita kafireto yadda fetur zai ɗan yi yawa, domin ƙarancinsa yana ƙara zafi. Bayan kowane yanka a bar inji ya yi aiki a hankali na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe shi, domin fankarsa ta kwashe zafin. Matatar iska kuwa kullum sai an share ta, saboda garin katako yana toshe ta da wuri.

Sarƙa tana da nata man dabam, mai yauƙi, wanda famfon inji ke zubawa a gindin takobi. A dogon takobi yawancinsa yakan fantsale a baki kafin ya kai ɓangaren da ke yanka. Maganin wannan shi ne ƙaramin tankin mai na biyu da ake ratayawa a ƙarshen firam, yana ɗiga a kan sarƙa. Tsohon baƙin man da aka juye daga mota bai dace ba, domin ba shi da yauƙi, yana ɗauke da garin ƙarfe, yana ɓata katako, kuma yana da illa ga fata da ƙasa.

Ƙananan kaya masu babban aiki

Yankan farko shi ne uban sauran, domin a kan fuskar da ya bari firam zai zame a yanka na biyu, kuma duk karkatar da ke cikinsa sai ta bayyana a kowane falanki. Tun da saman gungume ba a shimfiɗe yake ba, sai a kafa masa tsanin alminiyom ko miƙaƙƙun ƙarafa biyu, a daidaita su da ma'aunin lebur irin na magina, a kuma tabbata ƙusoshin da aka kafe su da su ba su kai zurfin da sarƙa za ta bi ba. Ana bukatar weji shida ko takwas na roba ko na katako, waɗanda ake cusawa a tsagar bayan takobi ya wuce, domin kada nauyin falanki ya danne shi. Burushin ƙarfe ko gatarin ɓare ɓawo yana kawar da yashi, wanda ke dakusar da haƙora nan take. Itacen da ya girma a cikin gari kuwa sau da yawa akwai ƙusa ko waya a cikinsa, don haka na'urar gano ƙarfe takan fanshi kuɗinta.

Batun nauyi ma abin dubawa ne. Ɗanyen itace mai tauri yakan kai kusan tan ɗaya a kowace mita kubik. Gungume mai kaurin santimita 60 da tsawon mita 2.5 zai kai kilo 700, falanki guda mai kaurin santimita 5 daga tsakiyarsa kuma kilo 75. Sanda mai ƙugiya ta juya gungume, da jak, da abokin aiki, duk suna cikin lissafi.

Lissafin abin da ke zama gari

Sarƙa takan ci kimanin milimita 9 a kowane yanka, alhali zarton masana'anta mai siririn bel na ƙarfe milimita 3 ko ƙasa da haka yake ci. Idan falanki mai kaurin milimita 25 ake fitarwa, to 9 cikin kowane 34 ya zama gari, wato fiye da rubu'in itacen. Idan kuwa mai milimita 50 ne, hasarar ta sauka zuwa kashi 15 cikin 100. Wannan lissafi ya nuna inda na'urar ta fi amfani, wato falankai masu kauri da faɗi, da ginshiƙai, daga gungumen da mota ba ta iya kai wa gare shi. Wanda siraran falankai masu yawa yake bukata, gara ya kai gungumensa masana'anta.

Kare jiki

Ƙarar zarto mai inji takan wuce desibel 100 a kunnen mai riƙe da shi. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Bisa wannan, minti 15 kacal kunne zai jure desibel 100, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Toshen kunne tare da marufinsa a sama shi ne daidai. A shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci. Saboda haka takunkumi mai matata wajibi ne, ƙyalle ba ya wadatarwa. Hayaƙin salansa kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da wari, don haka a fili ake aikin, a kuma tsaya yadda iska za ta kore hayaƙin daga fuska. Sauran kayan su ne tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon kariya wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa da ke cushe inji su tsayar da sarƙa idan ta taɓa shi.

Bayan an tsaga

Sabon falanki cike yake da ruwa. Ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma tsukewar da yake yi ta bin zoben shekarun itace ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito ne ke sa shi lanƙwashewa. Ana jera falankai a inuwa, nesa da ƙasa, a sa siraran sanduna masu kaurin santimita 2 a tsakaninsu, kowace bisa saitin ta ƙasa da ita, a ɗora nauyi a sama. Goshin falanki ya fi saurin bushewa, shi ya sa yake tsagewa, sai a shafe shi da kakin zuma ko fenti tun ranar farko. A ƙasashe masu sanyi akan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. A wurare masu busasshiyar iska irin ta hunturu kuwa, saurin bushewar ne abin tsoro. Ƙaramar na'urar auna danshi ita ce za ta nuna lokacin da katako ya isa aiki.

Doka da daji

A Afirka ta Yamma wannan na'ura hanyar neman abinci ce, kuma ta yi wa dazuzzuka ɓarna mai yawa. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da ita tun 1998. Yadda aka yi wa madobiya ɗauki ɗai-ɗai a jihar Taraba da wasu sassan yankin domin kaiwa Sin ya sa aka sanya ta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, daga farkon 2017, sannan aka ƙara da maɗaci da kawo a taron 2022. A Nijeriya harkar gandun daji tana hannun jihohi, saboda haka ofishin gandun daji ne wurin neman izini. Mai yin aikin don sha'awa ya tsaya ga itacen da ya faɗi da kansa, ko wanda aka sare bisa izini.

Kammalawa

Jerin sayayyar sabon shiga ya kamata ya fara da kayan kare jiki, sai inji daidai da kaurin gumaguman da zai samu, sai firam da takobin da injin zai iya ja, sai sarƙoƙin tsagawa da magagari, sannan tsani da weji da wurin busarwa. Ya kuma fara koyo da ƙaramin gungume mai laushi wanda ba za a yi baƙin cikin ɓata shi ba. Babban gungumen da ake ji da shi a shafe goshinsa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya jira har hannu ya faɗa.